Farfesu Babu Gishiri

Tarwaɗa ba a wanke ta da ruwan sanyi. In ka yi haka, yauƙin jikinta zai bi ka har cikin tukunya, romo ya yi kamar miyar kuɓewa, baƙo ya kurɓa sau ɗaya ya ture kwano. Ruwa ake tafasawa, a sauke ya ɗan huce, a kwarara mata, sai ka ga yauƙin ya yi fari ya dunƙule, ka kankare shi da bayan wuƙa. In ruwan ya cika zafi, fata ta saɓule, kifi ya dagargaje tun bai nuna ba. Da wannan na fara saboda ku samarin da kuke wucewa ta bakin masaukinmu kuna cewa Ummaru Kuku ya samu aikin banza, zama a inuwa da ɗanɗanar miya. Ban yi nisa a boko ba. Abin da na sani zan rubuta, yadda na san shi.

Masaukin yana bakin hanyar da ta fita daga Bagudo ta nufi boda. Ɗakuna ne 'yan kaɗan a jere, da rumfar kwano a gaba inda ake cin abinci, da rijiya a baya gindin mangwaro. Mai shi Iya Bose ce, Bayarabiya, Kirista. Ta zo garin nan da mijinta yana sayar da kayan gyaran babur, ya mutu, ita ta ƙi komawa gida. Ni kuwa daga Geza na zo, shekarar da ruwa ya shanye mini shinkafa a fadama har ban ga ko kan ta ba. Ina da mata da 'ya'ya a lokacin, ba yaro ba ne ni, amma daga guga ta fara da ni.

Jan ruwa na yi, damina da rani. Kowane ɗaki da bokitinsa da butarsa, kuma ba a yarda baƙo ya farka ya tarar da su wayam ba. Daga nan ta ba ni zannuwan gado. Ku kuna ganin wanki wanki ne. Direban babbar mota in ya kwana a zane, man gas da zufa sun shiga shi, sai an jiƙa da ruwan zafi an buga a dutse, a shanya a rana tsaka, a goge da dutsen guga na gawayi, ka kuma yi hankali da tartsatsi, don ƙwaya ɗaya in ta faɗa ta huda zane, Iya za ta gani ko da daga bakin rijiya take. Gidan sauro kuwa ɗaga shi ake yi a rana, ka shiga ciki ka duba ta inda haske ya fi shigowa, ka ɗinke. Ta ce mini, "Ummaru, ko ka dafa wa mutum naman aljanna, in sauro ya cije shi, sauron zai tuna."

Sai da na yi damina biyu kafin ta bar ni na riƙe ludayi. Ita ta nuna mini kimba da masoro da citta, yadda ake ɗan gasa su kafin a daka, da lokacin da ake jefa attarugu, da cewa ba a juya farfesun kifi da ludayi, tukunyar ake kamawa da tsumma a girgiza. Ni na nuna mata daddawarmu ta kalwa da inda Sarkawa suke fitowa da kifin safe. Dokokinta biyu ne, ta kuma maimaita su har na gaji da ji. Ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi. Ma'aikaci kuma ba ya zama ya ci abinci da baƙo.

A lokacin hanya tana da rai. Direbobi, 'yan albasa, masu shanu, matan Dendi da ƙullin kayansu, wani ya biya da naira wani da sefa. Da ganin yadda mutum ya sauko daga mota na san abin da zai ci. Wanda ya sauko yana dafe da ƙugu, tuwo yake so mai nauyi ya kwanta. Wanda ya sauko yana duba waya, shinkafa da wake ka miƙa masa ya wuce. Amma waɗanda suka riƙe tukunyar kullum su ne 'yan kabu-kabu. Da azahar za su jera babura gindin rumfa, a zuba musu a babban faranti guda, su kewaye shi, hannu goma a ciki. Babbansu Sanda ne, ɗan ƙanen uwata, taubashina. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba.

"Kai bawa," zai ce tun bai kashe babur ba, "yau mi ka ƙona muna?"

In ce, "Abin da kakanka bai taɓa gani ba. Wanke hannu, in ka san yadda ake yi."

"Namiji da ludayi! Wallahi da ni ne matarka, zane nike ɗaura maka."

Ya tsame kan kifi mafi girma, ya ce haƙƙin taubashi ne.

Sai aka rufe boda. Ba sai na gaya muku yadda aka yi ba, iyayenku sun sani. Manyan motoci suka ɗauke kamar an share su. Ɗaki in ba a kwana cikinsa ba lalacewa yake yi, wannan ma ba ku sani ba: katifa ta yi wari, gara ta hau ƙyaure, jemage ya samu rufi. Kullum sai na buɗe su duka, na share, na fitar da katifu rana, na mayar, na rufe, ba wanda ya kwana. Iya ta sallami mai taya ta wanke-wanke, muka rage ni da ita. 'Yan kabu-kabu kaɗai suka saura, su ma sana'ar ta canza. Suka koma bin hanyar daji, su tsallaka da jarkokin mai, su dawo da buhunan shinkafa. Ba ni na aike su ba, ba kuma ni zan yi musu wa'azi ba. Farantinsu na azahar shi ne ya hana mu kashe murhu. In sun daina zuwa, masauki ya mutu, ni da Iya duk mun san haka.

Cikin wannan hali, wajen kaka, shinkafa ta fara ja a fadama, wani dattijo ya sauka daga babur da 'yar jaka guda. Fari ne siriri, da tabarau, takalminsa ko ƙura babu. Ya ce sunansa Malam Haliru, daga Sakkwato, yana son ɗaki na 'yan kwanaki, wanda tagarsa ke kallon gona. Ban tambaye shi komai ba. Shi da kansa ya biyo ni madafa ya ce, "Malam Ummaru, zan wahalar da kai. Likita ya hana ni gishiri da magi da mai. Ya kuma ce in bar hayaniyar gari in je inda zan ji kukan tsuntsu. Na taɓa wucewa ta nan da daɗewa, wurin ya zauna mini a rai."

Farfesu babu gishiri aiki ne, kada wani ya ruɗe ku. Gishiri shi ke rufa wa kuku asiri. In babu shi, duk abin da ka yi a fili yake. Na je bakin ruwa da kaina na zaɓo karfasa mai rai, don tarwaɗa ta cika maiƙo. Na soya albasa ba mai, a busasshiyar tukunya, har ta yi ja. Na ƙara daddawa fiye da kullum, na sa tafarnuwa, na bar romon ya tsotse sosai, sai da na sauke na matsa lemun tsami. Ya kurɓa, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya ce tun da aka sa masa dokar nan bai ci abin da ya kai wannan ba. Na ce to madalla, na koma bakin murhu.

Mutumin ba ya komai. Wannan shi ne abin da ya jawo. Da safe ya bi gefen fadama a hankali, hannu a baya. Ya tsaya ya ɗauki hoton balbela da waya. Ya tambayi masu gona, wannan wace irin shinkafa ce, waccan hanyar ina ta nufa. Can ya samu wata tsamiya mai inuwa ya shimfiɗa darduma ya zauna yana kallon ruwa. Tsamiyar kuwa a daidai bakin hanyar dajin take, inda babura ke fitowa da kaya.

Rana ta biyu da azahar Sanda ya ja ni bayan rumfa. Bai ce mini bawa ba.

"Wanga mutum, mi ya kawo shi?"

Na ce, "Hutu ya zo."

"Hutu? Ba shi da gida?"

"Likita ya ce ya bar gari."

"Awo. Mutum shi baro Sakkwato, da wuta da fanka, shi taho hutu inda sauro ka ɗaukar jariri. Ba shi da kaya, ba shi da ɗan'uwa, ba ya saye ba ya sayarwa. Kuma duk itacen ƙasar ga bai ga na zama ba sai tsamiyarmu. Ummaru, kai wawa ne ko an biya ka?"

Na ce masa hawan jini ke damun dattijon. Ya ce bari ya gani da idonsa.

Aka zuba faranti suka kewaye. Malam Haliru yana can ƙarshen benci da ɗan kwanonsa, fuskarsa na kallon hanya. Sanda ya ɗaga murya ya ce, "Baba, bisimilla. Matso mu ci." Ya ma ture na kusa da shi ya buɗe wuri. Ku da kuka tashi a nan kun san wannan ba tayin baki ba ne. In an buɗe maka wuri a faranti, ko loma guda ce sai ka sa hannu, don wanda kuka haɗa hannu a kwano da shi, amanarka ta hau wuyansa. Dattijon bai san ana auna shi ba. Ya yi murmushi ya dafa ƙirji ya ce, "Alhamdu lillahi, 'ya'yana, na gode. Naku da gishiri, ni an hana ni. Ku ci kawai."

Suka ci rabi suka tashi, abin da ban taɓa gani ba. Sanda ya tsaya yana ɗaure hularsa ya ce mini a hankali, "Ka gani? Ba ya son cin namu, don ya san abin da zai yi muna. Ko shi ko mu."

Na sami Iya tana tsince wake a bakin ɗakinta na gaya mata. Ta ce, "Ya yi faɗa da wani?" Na ce a'a. "Ya yi sata? Ya kawo abin kunya?" Na ce a'a. Ta ajiye faifan ta ce, "Ummaru, ni ma baƙuwa ce a garin nan. In na kori mutum don ba a san shi ba, gobe wa za a kora? Ba zan kore shi ba. Amma mutanenka ne, kai ka san bakinsu. Ka nemi dabara."

Dabarar da kuku ya sani tukunya ce. Na ce a raina, tun da gishiri ne ya raba su, bari in cire shi daga farantin kowa, in ya so dattijon ya sa hannu a gabansu magana ta mutu. Washegari na yi sammako bakin ruwa, Allah ya taimake ni wani Basarke ya fito da giwan ruwa, na saye shi da abin da ya rage mana na cefane. Na yi masa aikin da ban taɓa yi wa kifi ba. Na dafa shinkafa 'yar gida, na zuba a babban farantin, na jera kifin a kai, na ajiye gishiri a ɗan murfi gefe ga mai so. Na gaya wa Malam Haliru yau da jama'a zai ci, ya ce ai ya fi son haka, cin kaɗaici ya ishe shi. Na aika wa Sanda cewa ya zo, akwai kan kifin da ya fi nasa girma.

Aka yi azahar. Babura suka riƙa wucewa, ba wanda ya rage gudu. Can na hango su sun jeru wajen mai shinkafa da wake na bakin tasha. Na rufe farantin da faifai saboda ƙuda. Na buɗe, na sake rufewa. Har inuwar rumfa ta juya.

Dattijon ya ce, "Yau abokanmu aiki ya riƙe su ke nan."

Na ce, "Haka ne."

"To, abinci ba ya jiran mutum. Malam Ummaru, zo mu ci. Wannan farantin ya fi ƙarfina, kuma ba zan zauna gabansa ni kaɗai kamar maye ba."

Na ce ma'aikaci ba ya ci da baƙo. Ya ce shi bai ga ma'aikaci ba, mutum ya gani tsaye tun safe. Na waiwaya, Iya tana bakin ƙofa. Ta dube ni, ta dubi farantin, ta shige ciki ta saki labule. Na wanke hannu na zauna. Kifin ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Muna cikin ci, hannuna da nasa a faranti guda, sai na ji babur ya rage gudu. Sanda ne, da buhu biyu a baya. Ya sa ƙafa ƙasa, ya dube mu, ya dubi farantin da suke ci a ciki shekara da shekaru. Na ɗaga masa kan kifin. Ya ja babur ya tafi.

Malam Haliru ya cika kwanakinsa. Ya ci gaba da zuwa tsamiyarsa, na ci gaba da yi masa farfesunsa. Ban gaya masa komai ba, don ba a ɗora wa baƙo kayan gida. Ranar tafiyarsa babu ɗan kabu-kabun da ya yarda ya ɗauke shi, na ce masa yau duk sun tafi kasuwar Matsinkai, na riƙe masa jaka muka taka har tasha.

Bai fi mako da tafiyarsa ba jami'ai suka tare hanyar dajin. Dama suna tare ta lokaci lokaci, kafin zuwansa ma sun yi, bayan tafiyarsa ma sun sake. Amma a wannan karon babur ɗin Sanda na cikin waɗanda aka kwashe, da kayan da ke kai, kuma babur ɗin ba nasa ba ne shi kaɗai. Na je gidansa jaje. Ya fito ya shimfiɗa mini tabarma, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Ummaru. Mun gode da ziyara." Aka kawo mini ruwa a kofin baƙi. Na zauna ina jira ya zage ni ko sau ɗaya. Bai yi ba.

Murhu ya mutu kafin rani. Iya ta haɗa kayanta ta tafi wajen 'yarta a kudu, ta bar mini makullai, ta ce in riƙe wurin har Allah ya buɗe hanya. Na riƙe. Na yi ta buɗe ɗakuna ina sharewa ina rufewa, ina dafa abin da ni kaɗai zan ci a 'yar tukunyar shayi. In kana son sanin ko ka iya aikin masauki, ba ranar da ɗakuna suka cika ake ganewa ba. Ranar da ka goge zanen gado ka shimfiɗa, ka san babu mai zuwa, gobe kuma ka cire ka kakkaɓe ka sake shimfiɗawa, ranar ce.

Da aka buɗe boda motoci suka dawo, ba kamar da ba, amma murhu ya tashi. Iya ba ta dawo ba, ƙafa ta hana ta, sai dai mu yi waya. Direbobi suna ci, 'yan kasuwa suna kwana. 'Yan kabu-kabu kuwa har yau ba su jera babura gindin rumfata ba, har da waɗanda a lokacin ba su isa hawa babur ba. Wasunku da ke karanta wannan kuna cikinsu, kun gaji maganar ba ku san tushenta ba. Babban farantin yana rataye a madafa, na daina sauke shi. Sanda ya samu wani babur. In mun haɗu a masallacin Juma'a ya ba ni hannu biyu, ya tambayi iyali da mutunci, kamar surukinsa.

Bara da kaka ina kankare kifi waya ta yi ƙara. Malam Haliru ne. Muryarsa ta ƙara tsufa. Ya ce jikin ya matsa, 'ya'yansa ba sa barin shi tafiya yanzu, amma ya ce bari ya gaishe ni. Ya tambayi Iya, ya tambayi tsamiya ko tana nan. Ya tambayi yaran nan masu babura, ya ce masu kirki, har tayin abinci suka yi masa.

Na ce duk suna lafiya.

Ya ce, "Malam Ummaru, na je wurare da yawa a rayuwata, ban taɓa samun hutu irin na wurinku ba. Kwana biyun farko akwai 'yar hayaniya, amma daga nan shiru, ba babur ba kowa, sai ni da kai da tsuntsaye. Yaya kuke yi kuke samun shiru haka? Har yanzu haka wurin yake?"

Na dubi rumfa. Azahar ta yi, bencina duka a share.

Na ce, "Har yanzu haka yake, Malam."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya bar muku shi."

Na ce amin, don ba a mayar wa baƙo addu'arsa. Ruwan da na sauke ya riga ya huce, na mayar da shi wuta.